URAFAN: TSAKANIN BAƘIN KEKE DA MAI GIYA

Matafiyin da ya tashi daga Maraɗi ya bi hanyar kwalta mai lamba 1 ya nufi Damagaram, bayan kilomita ɗari da ƴan kai zai sauka Tasawa. Nan mai zuwa Urafan yake barin babbar hanya, ya karkata arewa, tafiyar kilomita wajen 40. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da yakuwa, inda damina ba ta cika wuce wata uku ko huɗu ba. Yamma da ita ƙasar Mayahi ce, da kwarin Gulbin Kaba mai yawan goriba. Ƙauyuka suna warwatse cikin gonaki, kuma abin da ya haɗa su shi ne hanyoyin da amalanken shanu da na jakai suka fasa, suka niƙe rairayinsu har ya koma kamar gari.

A irin wannan ƙasa, jama'a masu karatu, sayen keke shawara ce da magidanci kan kwana da ita. Kuɗin da za shi kashe na wake ne ko na ɗan rago da aka sayar bayan kaka, ba ya dawowa sai baɗi. Da keken nan za a ci kasuwa, da shi yaro zai je kwalej daga ƙauyen da babu ita, da shi za a garzaya gidan likita neman magani da tsakar dare.

An yi zamanin da keke ya ja baya. Karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994 ta tsawwala kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga waje, sa'an nan daga shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika karkara, ga man ruwa-ruwa na Najeriya cikin kwalabe a kowace mararraba. Amma a watan Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, bayan wata biyu kuma aka rufe iyaka sabili da juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ba sai cikin 2024. Kuɗin kabu-kabu ya hau, mutane da dama suka koma kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure.

Wanda ya je saye, iri biyu zai taras. Na farko shi ne baƙin keke na iyaye da kakanni, wanda asalin ƙirarsa ta Ingila ce, ta kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, kafin Sinawa su kwaikwaye ta da Phoenix na Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin, Indiyawa kuma da Hero. Ƙafarsa inci 28 ce, birkinsa na sandar ƙarfe ne, giyarsa guda ɗaya tak, nauyinsa ya kusa kilogiram 20. Na biyu shi ne mai giya, wanda Faransawa suke kira VTT, aka ƙirƙiro shi a jihar Kaliforniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970 domin wasan gangaro duwatsu. Galibinsu na hannu ne, Turawa sun hau sun gaji kafin a loda su cikin jirgin ruwa. Ƙafarsa inci 26 ce, tayarsa mai faɗi da ƙuraje, giyarsa 18 ko 21.

A kan hanyar jar ƙasa mai tauri baƙin keke ne sarki. Babbar ƙafarsa tana haye ƙananan ramuka ba tare da ta girgiza mahayi ƙwarai ba, kariyarsa ta baya kuma tana ɗaukar buhun gero ko jarkokin ruwa biyu ba ta lanƙwasa ba. Sai dai da an sauka cikin rairayi labari ya sake: siririyar tayarsa takan yanka ƙasa ta nutse, kuma da yake babu ƙaramar giyar da za a koma, ba makawa mahayi ya sauka ya tura. A watan Afrilu, da rairayi ya yi laushi ya ɗau zafi, mai baƙin keke yakan yi rabin tafiyarsa a ƙasa.

Mai giya nan ne gidansa. Faɗin tayarsa yana raba nauyi bisa rairayin, balle in an rage mata iska kaɗan, ƙaramar giya kuma tana ba ƙafa damar juya feda sannu-sannu har a fita tudu. Abin da ke kada shi shi ne ƙura. Sarƙarsa siririya ce, tana rataye kusa da ƙasa, in mai ya haɗu da rairayi sai su zama dutsen wasa, su cinye sarƙa da haƙoran giya cikin ƴan watanni. Ɗan ƙarfen da ke sauya giyar kuwa, faɗuwa guda ta isa ta karkatar da shi.

Ƙaya ba ta bar ko ɗaya ba. Tun da sassaben zamani ya bazu a jihar Maraɗi daga shekarun 1980, manoma suna barin tohon gawo da aduwa da magarya su girma cikin gonaki. Alheri ne babba ga ƙasa, amma ƙayoyinsu suna zuba kan turba, ga tsidau da ke shimfiɗe bayan damina. Saboda haka mahayin kirki ba ya rabuwa da famfo da roba da sholisho, masu dabara kuma sukan yanka tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa.

Nan ne maganar mai gyara take shigowa, kuma ita ce ke raba gardama. Mai facin da ke zaune gindin bedi ranar kasuwa ya san baƙin keke kamar yunwar cikinsa. Kayansa kusan duk ɗaya ne ko wane kamfani ya yi shi: boris, sarƙa, feda, taya, suna zuwa daga Kano ta Maraɗi ko ta Mai'aduwa, abin da ya karye kuma maƙeri ko mai walda ya ɗinke shi. Mai giya kuwa kowane da irin nasa, wani ma an daina yin kayansa tun a Turai. In ya lalace sai an kai shi Tasawa, wata sa'a har Maraɗi. Shi ya sa za a ga masu giya da yawa a ƙauyuka an cire masu ɗan ƙarfen nan, an gajarta sarƙa, an bar su da giya guda: faɗin taya ya tsira, wahalar gyara ta ragu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A Turai da Amurka, tun shekarun 2010, an shiga yayin wasu kekuna masu tsada da ake ƙerawa musamman domin hanyoyin tsakuwa, masu saye suna kwatanta nauyi da giram-giram. Mutumin Urafan shi ma yana kwatantawa, amma ma'auninsa uku ne: wace hanya ce ta bi ta ƙofar gidansa, me zai ɗauka, kuma wa zai gyara masa. Ɗan kasuwa mai kai hatsi, wanda garinsu ke bakin hanya mai tauri, baƙin keke ya fi masa. Malamin lakwal da ɗalibi da ma'aikacin allurar rigakafi, masu ratsa jigawa da ƴar jaka, mai giya ya fi masu, muddin za su riƙa wanke sarƙa da kananzir, su kuma tabbata kafin biyan kuɗi cewa ana samun tayarsa a kasuwa mafi kusa.

Sauran magana tana wuyan hukuma. Ranar da aka zuba jar ƙasa a hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan Urafan da Tasawa da Mayahi, kowane cikin kekunan biyu zai kai mai shi kasuwa da hantsi. Allah shi nuna mana.