Daga Makuba Zuwa Fenti

Iya abin da muka sani na tarihin gidanmu, ba a taɓa rasa mai sana'ar bango a cikinsa ba. Kakan mahaifina magini ne a birnin Zazzau, garin da ya yi suna wajen gini tun lokacin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ba mu haɗa jini da Babban Gwani ba, ko da yake wasu dattijanmu sukan so su raɓa mu da shi idan hira ta yi daɗi. Ɗan wannan magini, wato kakana, shi ne ya baro birni ya zauna a Maƙarfi, saboda wata gona da ya samu ta wajen surukansa.

Kakana ya fi ƙwarewa a kan yaɓe da zane. Shi ke haɗa kayan aikinsa da kansa. Bawon ɗorawa yakan jiƙa, ya kwaɓa ruwansa da jar ƙasa, ya sami makuba wadda ke kare bango daga feshin damina. Idan kuwa soron mai hali ne, sai ya haɗa laso, wato katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Tun yaɓe yana ɗanye yake fitar da zane da hannu a fuskar zaure, kamar dagi da takobi, daga baya har da keke da agogo, sa'an nan ya bi su da farar ƙasa da shuni. A ganina, wannan shi ne ainihin fentin Bahaushe, sai dai ba a gwangwani yake zuwa ba.

Mahaifina ya tashi a lokacin da siminti da kwano suka fara korar tubali da azara. Da ya ga kasuwar makuba tana ja da baya, sai ya tafi Sabon Garin Zariya ya yi shekara uku a hannun wani Bayarabe mai fenti. Kakana bai yi na'am da wannan tafiya ba, don a wajensa shafa launi a kan bangon da wani ya gina aikin yara ne. Amma lokaci ya goyi bayan ɗan. Kuɗin Udoji sun shiga hannun ma'aikata a 1975, aka shiga gyaran gidaje. A 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, azuzuwa suka yi ta tashi a ƙauyuka. Mahaifina ya shafe da yawa daga cikinsu, har da baƙin allon da ke jikin bango.

Sana'ar tana da nata ilimi. Ba a shafa fenti a kan sabon filasta sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare. Fentin ruwa na saman bango ne, fentin mai kuwa na ƙasa ne, inda hannun yara ke kaiwa, domin shi ke jure wanki. Ba a son fentin mai ranar da hunturu ya busa, saboda ƙura na mannewa kafin ya bushe. Aiki kuma na zuwa ne da lokaci: gab da Sallah, da kaka idan bukukuwa sun kankama, da ranakun da ake jiran dawowar alhazai. Da damina ta sauka, sai ya rataye buroshi ya ɗauki fartanya.

Wahalar ba ta hawa tsani ba ce kaɗai. Wani ɗan kwangila ya riƙe masa ladan azuzuwa shida, ya yi ta zarya har ya haƙura, a shekarar kuwa sai da aka sayar da buhunan masarar gida kafin a biya mini kuɗin jarrabawa. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, masu gida suka koma sayen gwangwani ɗaya a inda ake bukatar uku, su ce, "Malam, a ƙara ruwa mana." Yakan ƙi, domin idan bango ya koɗe sunan mai fenti ake kira, ba na mai gida ba. Ga kuma warin tina da kananzir da ya shaƙa fiye da shekara talatin ba tare da rufe hanci ba. Sai da na yi karatu na san cewa fentin mai da yawa na wancan zamani yana ɗauke da gubar dalma, shi kuwa da hannun nan yake cin abinci a wurin aiki.

Yanzu ƙirji ya hana shi hawa tsani. A cikin 'ya'yansa bakwai, ƙanena ɗaya ne ya gaji sana'ar, shi ma a Kaduna yake, yana aiki da rola da injin feshi. Zauren da kakana ya zana a ƙofar gidanmu an rushe shi bayan rasuwarsa, aka tayar da na bulo, mahaifina ne kuma ya shafe shi da ruwan ƙasa-ƙasa, launin da ya fi kusa da na makuba.