Jan ɗigon da ke cikin gem da na kan bindigar gaske: yadda ake ɗaura shi da saita shi

Yau ba maganar fulashin ko canjin batir na kawo muku ba, wani abu ne ya faru da ni a shago ya sa na shiga binciken da ban taɓa zato ba.

Wani ɗan acaɓa, ɗan PUBG ne na gidi, ya kawo min wayarsa na canza masa sikirin. Bayan kwana biyar sai ga shi ya dawo rai a ɓace, a gaban kwastomomi yake cewa: "Maigida, ka lalata min saiti. Ina ɗora jan ɗigo a kan mutum sai ya zame gefe." Ni kuwa na ce masa ai matsalar hannunsa ce, ba ta waya ba. Muka rabu ba daɗi, ya bar wayar ya ce in duba.

Da daddare abin ya tsaya min a rai. Shin wannan jan ɗigon da 'yan gem ke kira red dot, a bindigar gaske ma yana zamewa? In ka taɓa buga taswirar Miramar ka san ƙaramar bindigar nan R45 mai ɗaukar jan ɗigo. Libarba ce, wato mai ganga mai juyawa. To a Amurka akwai masu farauta da manyan libarba irin .44 Magnum, harsashin da ya fito tsakiyar shekarun 1950 tare da bindigar Smith & Wesson Model 29, kuma da yawansu suna ɗaura wannan madubin.

Kafin in ci gaba: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisi daga shugaban ƙasa. Don haka ilimin na'ura nake ba ka, kar wani ya shigo min inbos da wata tambaya daban.

Abin da ya fara ba ni mamaki, ɗigon ba haske ba ne da ke fita ya sauka a jikin abu. Ƙaramin ƙwan LED ne ke haska wani gilashi mai lanƙwasa da aka shafa wa sinadari, gilashin ya dawo da jan hasken cikin idonka, sauran haske kuma ya wuce. Kai kaɗai kake ganin ɗigon. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fito da irinsa a 1975. Batirin da yawancinsu ke ci kuwa CR2032 ne, wannan mai kama da kwabo da ke cikin rimot ɗin mota da allon kwamfuta.

Wajen ɗaurawa ne na ga aikinmu ƙiri-ƙiri. Da farko a tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ganga. A cire saitin baya na ƙarfe, a ƙarƙashinsa yawancin Smith & Wesson na baya-bayan nan suna da ramukan sukuru da aka huda tun daga kamfani. Nan ake ɗaura faranti, madubin ya hau kansa. Sai a wanke ramukan da sifirit don mai ya fita, a ɗiga shuɗin gam na riƙe sukuru, a ɗaure daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta, da sukundireba mai auna ƙarfi. Me ya sa duk wannan wahala? Domin duk harbi ɗaya na .44 Magnum naushi ne ga madubin. Sukurun da bai kama ba zai riƙa saki kaɗan-kaɗan har ɗigo ya bar inda aka aje shi, mai bindiga yana can yana zargin hannunsa.

Ka taɓa lura da ɗan shuɗin abu a jikin sukurun waya? Aikinsu ɗaya. Sannan in sukurun farantin ya yi tsawo, yana iya leƙowa ta ƙasa ya tokare ganga ta ƙi juyawa. Duk mai gyaran da ya taɓa sa dogon sukuru a gajeren rami a iPhone ya huda allo, ya san wannan baƙin cikin.

Saitin kansa lissafi ne. A jingina hannu kan buhun yashi, a kafa takarda a nisan kamar mita 25, a yi harbi uku ko biyar ana ɗora ɗigo a wuri ɗaya. Ba a bin rami ɗaya, tsakiyar tarin ramukan ake dubawa. Madubin yana da sukuru biyu na saiti, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya dama da hagu. A yawancin ƙanana, kowane "ƙas" ɗaya MOA ɗaya ne, wato kusan santimita 2.9 a mita 100, ko milimita 7 a mita 25. Idan tarin ya sauka santimita 7 ƙasa da inda ka nufa, ƙas goma kenan zuwa sama. A sake harbi a gani. Wani abin da gem ba zai taɓa nuna maka ba: a babbar libarba bakin bindiga yana fara ɗagawa tun harsashi bai fita ba, shi ya sa harsashi mai nauyi da ba shi da sauri yakan sauka sama da marar nauyi. Ka canza harsashi, sai ka sake saiti daga farko.

Ina gama karanta maganar sukuru mai saki, wallahi gabana ya faɗi. Girgizar babur ma ai naushi ce, ƙanana dai amma ba hutu. Ko Apple a 2021 sai da ya gargaɗi masu maƙala iPhone a jikin manyan babura cewa girgizar injin na iya lalata kyamara. Shi kuma mutumina wuni yake wayar na maƙale a kan babur.

Da safe na buɗe wayar. Farantin da ke danne igiyar taci, sukuru biyu na bari ban ɗaure sosai ba saboda sauri, bakin igiyar ya ɗan ɗago gefe ɗaya. Shi ya sa taci ke tsalle, ɗigonsa ke zamewa. Na danne ta, na sa sababbin sukuru masu shuɗin gam, na aje wayar a kan tebur mai lebur na saita masa jairo.

Da ya zo na ce: "Abokina, laifina ne, ka yi haƙuri." Na mayar masa da kuɗin aiki. Nan ya zauna kan benci ya buɗe filin gwaji, ya ɗauki R45 ya ɗora mata jan ɗigo, ya yi ta harbi har wani fasinja ya gaji da jira ya hau wani babur.