Ɗakin da Naira Hamsin-Hamsin Ta Gina a Giyawa

Sayen albasa ne ya kai ni Giyawa, ta ƙasar Goronyo, a ƙarshen kaka. Na bi hanyar da ta ratsa Achida, na bar Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, na shiga fadamar Rima da take ciyar da yankin da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Ruwan da yake rayar da su shi ne kuma yake rushe musu gidaje. Duk dattijon da ka zauna da shi, sai ya ba ka labarin ambaliyar 2010, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya fi ƙarfin makaransa.

Bayan sallar Juma'a na ga wani yaro yana zagayawa da faifai. Wannan ya jefa naira hamsin, wancan ɗari, wani tsoho ya ajiye ƙwaryar gero. Na ɗauka gyaran masallaci ne. Ashe ɗaki ake son tayar wa wani saurayi da aka haifa da raunin fahimta, wanda damina ta kayar da bangon da yake kwana a jikinsa.

Mai masaukina ya kai ni gidan. Saurayin zai kai shekara talatin, yana zaune yana ba awaki dusa, kuma ya san kowace da sunan da ya raɗa mata. Kirga kuɗi ne bai iya ba, haka nan ba ya iya kwana shi kaɗai nesa da mutane. Na gaida mahaifiyarsa, na ce, "Inna, yaya aka ji da hidima?" Ta ce, "Ɗana, ci da sha ba su dame ni ba, maƙwabta na kawowa. Inda zai sa haƙarƙarinsa bayan raina, shi ke hana ni barci."

A nan ne nake ganin muna da gyara. Mun saba haɗa irin wannan bawan Allah da mai taɓin hankali, mu kira shi gaula ko dolo, mu ce a kai shi Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana maganin cuta, shi kuwa wannan ba jinya yake yi ba, halittarsa ce haka. Makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman tana cikin birnin Sakkwato, kuma yara take ɗauka. Dokar hana wariya ga naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta taɓa aza wa kowa tubali a ƙauye ba. Saura ɗaki a cikin gidan dangi, kusa da mutanen da ya sani.

Tsarin da suka yi ya burge ni. Matasa sun yi gayyar kwaɓa ƙasa da buga tubali, magini ya yafe ladansa, kuɗin faifai kuma aka ware su don kwano da katako da ƙusa da buhun simintin da za a ɗaure gindin bango, saboda ruwa. Liman yana karanta abin da aka tara kowace Juma'a a bainar jama'a. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma gonakinsu na nesa ne suke wannan ƙoƙari.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ranar da za a raba gadon gidan nan, wa zai tsaya wa mai ɗakin? Fiƙihunmu na Malikiyya ya tanadi waliyyi mai kula da dukiyar wanda ba ya iya sarrafa ta. Na ba su shawarar a rubuta takarda gaban hakimi da shaidu, a kuma kai maganar ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Liman ya ce zai tuntuɓi 'yan'uwan uban, amma ɗayansu ya riga ya fara maganar sayar da filin.

Na jefa abin da ya sawwaƙa a faifan. Da zan tafi, bango ya kai kafaɗa, saura kwano rabin bandir, saurayin kuwa yana ta jido ruwa a jarka yana kai wa masu kwaɓi.