Rigar Gini: Daga Ƙaraye Zuwa Zariya

'Yar'uwa, kadan Allah ya kai ki ƙasar Ƙaraye da Rogo, can yamma da Kano, kada ki tsaya ga kallon madatsar ruwan Challawa da gonakin rake kaɗai. Ki ɗan dubi tsofaffin gine-ginen hukuma, irin ajujuwa da ɗakunan shan magani na zamanin En'e. Ki lura da faɗin barandarsu, da wannan bulo mai huji-huji da ake jerawa a bango kamar saƙar faifai.

Wannan bulo ba don ado kaɗai aka sa shi ba. Yana tare rana, yana barin iska ta ratsa. Waɗanda suka fito da sunan irin wannan gini a ƙasarmu waɗansu Turawan Ingila ne, mata da miji, watau Jane Drew da Maxwell Fry. I, mace ce, 'yan makaranta sai ku riƙe wannan. Su suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, ɗakin karatunta kuwa an lulluɓe fuskarsa da irin wannan tankaɗe na siminti.

To, ga inda gizo ke saƙa. In an tashi gyaran irin wannan gini, sai a ga bangon ya yi dauɗa, a toshe hujin da siminti, a manna tayil, a sa gilashi. Ran buɗewa kowa ya yi tafi. Bazara na zuwa ɗaki ya zama tanderu, ga fanka a sama, babu wuta. Alhali kuwa da wanke bangon aka yi, aka zuba sabon bulo daidai da wanda ya fashe, da ginin ya riƙe sanyinsa da kamanninsa.

Ke ma kin san wannan a gida. Katangar ƙasa tana shan raɓa tana fitarwa. In aka yaɓe ta da siminti, laima ta maƙale daga ciki, bayan 'yan damuna yaɓen ya ɓantare har da naman katangar. Shi ya sa magina na da suke shafe ta da makuba, ta kwasfar ɗorawa, wadda kuke yayyafawa wajen daɓe. Gidan mai hali kuwa laso ake yi masa, da katsin marina da gashin jima da dafara. Ɗorawa kam ba ta yi wuya a ƙasar Rogo ba.

Daga Rogo Zariya ba nisa, sai ki ƙarasa ki ga abin da ya sami Masallacin Juma'a na bakin fada. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina shi da ƙasa a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare. A yaba wa waɗanda suka yi aikin ta fuska guda, gama a wancan lokaci sun bar bakan gizon ciki da zane-zanen ginshiƙansa. Amma fuskar waje, wadda kakanninmu suke hangowa tun daga nesa, ta tafi. Bayan wancan gyara, mai wucewa a titi bai iya gane cewa aikin Babban Gwani na ciki ba.

Wanda ke son ganin yadda masallacin yake a da, sai ya hau mota zuwa Jos. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi tun bai sāke kama ba, aka kuwa gina kwatankwacinsa da ƙasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na can.