Hannun Umma Ba Ya Rabuwa Biyu

Mai karatu, yau labarin kaina zan ba ka, ko da wani zai tsira daga ramin da na faɗa.

Na tashi na tarar da Ummanmu tana sayar da abinci a wata rumfar kwano kusa da tashar Unguwa Uku a Kano. Benci uku ne da tukwane huɗu: tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe, sai shinkafa da wake. Direbobi da 'yan kamasho ne masu sayenta, kafin la'asar an kankare tukunya. Da rumfar nan aka aurar da yayyena biyu, da ita aka biya mini kuɗin makaranta.

Da na gama karatu sai rawar kai ta kama ni. Kullum ina damun ta, "Umma, mutane suna buɗe gidajen abinci masu gilashi da fanka, mu muna nan cikin hayaƙi." Ita kuwa sai ta ce, "Ke dai bi a sannu, sauri ya haifi nawa." Ban bar ta ta huta ba, har a farkon 2019 ta kwashi adashinta, ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, muka kama shago a titin gidan Zoo.

Na lissafa kuɗin haya da kujeru da janareta da albashin mai dafuwa. Abin da ban lissafa ba shi ne hannun Umma. Ita ba ta san awo ba, da tafin hannu take ɗiban gishiri da daddawa. Hatsinmu ɗaya daga Dawanau, kayan miyarmu ɗaya daga 'Yankaba, amma miyar shago daban take fita. Ran nan wani tsohon direba da ya biyo sunanmu ya yi loma biyu, ya wanke hannu, ya ce, "Yarinya, sunan Hajiya na kan allo, amma ba ta cikin miyar nan."

Sai Umma ta shiga zirga-zirga a adaidaita sahu, safe nan, rana can, miya ta lalace a wuraren biyu. Ana cikin haka aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shinkafa ta yi tsada. A Afrilun 2020 kullen korona ya zo Kano, muka sa wa shago kwaɗo, ba mu sake buɗe shi ba. 'Yan kunne sun tafi ke nan. Ko sau ɗaya Umma ba ta ce mini "ai na gaya miki" ba, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo.

A zaman kullen na aro ƙaramin sikeli. Duk abin da ta ɗibo sai in riƙe hannunta in auna, in rubuta a littafi, tana dariya tana cewa na mai da madafa asibiti. A nan na gane ba yawan kaya kaɗai ba ne, har da lokaci: daddawa tun farko take shiga tare da nama, kuka kuwa sai an rage wuta ake barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji.

A 2022 muka sake kama wani shagon, ƙarami, amma madafa ɗaya muka bari. A gaban Umma ake yin miya, ƙanwata na riƙe da littafi, sannan a zuba a kuloli a kai shago. Sai da muka shekara kafin muka ƙara kujera ko ɗaya.

Da riba ta taru na sayo mata 'yan kunne. Ta juya su a tafin hannu, ta ce, "Ba su kai waɗancan nauyi ba." Na ce ta yaya ta sani? Ta ce, "Kin manta hannun nan sikeli ne?"

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa albarka a neman kowa, amin.