Daktan Da Ba Ya Allura

Ran nan da na je gida Ƙofar Dumi gaida mahaifiyarmu, na tarar da wata tsohuwa maƙwabciyarmu zaune a tsakar gida, da ƙullin magunguna a bakin zane, tana jiran ƙanena. Ta ji labari wai ya kusa zama dakta, shi ne ta zo ya duba mata ƙafa. Da ya fito sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ai ni ba irin wannan daktan ba ne, amma gobe da safe zan raka ki asibiti." Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, kai wane irin dakta ne da ba ka allura?" Duk gida aka bushe da dariya, har da ni. Amma da dare ya yi na kwanta, sai tambayar nan ta hana ni barci, domin ni ma na taɓa yi masa ita, kuma ni cikin fushi na yi.

Bari in koma baya kaɗan don mai karatu ya gane inda aka kwana. Yaron nan ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Ni difloma na yi a aikin jarida na faɗa neman abinci, shi kuwa Allah ya ba shi kai, ya shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauci, ya karanta ilmin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Burina a lokacin bai wuce ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya sami aiki ya kama mini ɗawainiyar gida ba.

Ana nan sai cikin rani na shekarar 2018 gwaggonmu, wadda ke sayar da masa a unguwa, ta kwanta da zazzaɓi. Aka sayo mata maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Aka ce taifod ne, aka sake sayo wani, shi ma haka. Sai da ta kwana goma tana fama da ciwon maƙogwaro da amai sa'an nan muka ɗauke ta zuwa asibiti. Likitan da ya gan ta ya yi zargin zazzaɓin Lassa, aka keɓe ta, aka ɗebi jininta aka aika da shi nesa, domin a wancan lokaci wuraren da ke iya wannan gwaji a ƙasar nan ba su da yawa, sai irin su Abuja da Ikko da Irrua ta Jihar Edo. Kafin sakamako ya dawo mun yi sadakar uku. Allah ya jiƙanta. 'Yarta da ta yi jiyyarta ita ma ta kamu, ta tashi, amma har yau kunnenta ɗaya ba ya ji. Mijinta kuwa, da suke ɗaki ɗaya, ko ciwon kai bai yi ba.

A wurin zaman makokin nan ne ƙanena ya dame ni da tambayoyi. Ina cutar ta fito? Me ya sa ta kashe uwa, ta kurumta 'ya, ta bar miji? Me ya sa sai an yi tafiyar kwana da jini kafin a san abin da ke cikinsa? Bayan arba'in ya same ni ya ce, "Yaya, ina so in koma makaranta, in yi digiri na biyu, daga nan in zarce na uku." Na ce masa, "Kai karatun nan naka ba shi da ranar ƙarewa ne? Sa'o'inka sun yi aure, kai kana zancen ɓera!" Ya yi shiru bai tanka ba. Inna ce ta raba gardamar, ta ce in bar shi, ai gwaggon tasa ce ta goye shi.

Daga baya na fahimci abin da ya shiga. Digiri na uku, wanda ake kira digirin digirgir, a fannin kimiyyar lafiya ya sha bamban da karatun likitan asibiti. Likita ana koya masa ya gane cuta a jikin mutum ya ba da maganin da aka riga aka sani. Shi kuwa wannan ana koya masa ya nemo abin da ba a sani ba tukuna. Bayan shekara 4 ta digirin farko, da shekarar hidimar ƙasa, da kamar shekara 2 ta digiri na biyu, sai ya ƙara aƙalla shekara 3, sau da yawa ma fiye, a kan tambaya guda ɗaya tak. Zai rubuta abin da yake nufin bincikawa ya kare shi gaban malamai. Zai nemi izinin kwamitin da ke kare haƙƙin mutanen da za a ɗebi jininsu. Zai shekara yana gwaji a ƙarƙashin wani shehun malami, ya buga abin da ya samu a mujallun masana don 'yan'uwansa su tsefe shi, sa'an nan ya haɗa kundi, a ɗauko wani malami daga wata jami'a ya zo ya titsiye shi da tambayoyi. In ya tsallake, shi ne ake ce masa dakta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tambayoyin nan da ya yi mini a kan tabarmar makoki, ashe kowace ɗaya reshe ce mai zaman kanta, da mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kanta. Wanda ke bin diddigin inda cuta ta fito da yadda take yawo cikin jama'a, shi ne masanin yaɗuwar cututtuka. Irinsu ne suka gano, a ƙasar Saliyo cikin 1972, cewa wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zuba ta cikin fitsari da kashinsa a kan hatsi da garin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Wanda ke nazarin ita kanta ƙwayar, watau bairos, da yadda take shiga jiki ta hayayyafa, reshensa daban. Zancen me ya sa miji ya tsira, wannan na masanin garkuwar jiki ne da masanin ƙwayoyin halittar gado, domin an san cewa kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba su san sun kamu ba. Kurumtar 'yar gwaggo kuwa, wadda ke samun kamar ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi jinya suka tashi, ta shafi masana jijiyoyi. Akwai kuma masanin magunguna. Maganin da aka daɗe ana dogara da shi, ribavirin, tun wani bincike da aka buga a 1986 ake ba da shi, amma har gobe masana na jayayya a kan iyakar amfaninsa. Allurar rigakafi kuwa ba a kai ga amincewa da ko ɗaya ba, ko da yake a 2024 an fara gwada wata a jikin mutane a Abuja.

Ga wani abin lura, jama'a. Cutar nan a ƙofar gidanmu aka fara saninta. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jiyya ta mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Barno ta yanzu, aka kawo ta Jos ta rasu. Daga Bauci zuwa Jos tafiyar kamar awa biyu ce a mota. Amma jinin sai da aka haye teku da shi zuwa Jami'ar Yale ta Amurka kafin a ware ƙwayar, kuma ɗaya daga cikin masu binciken, Jordi Casals, shi ma ya kamu, da ƙyar ya sha. A 1970 likitar da ta yi ta fama da cutar a Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ita ma ta rasu. Watau shekara kusan 50 tsakanin jinin Laura Wine da na gwaggona, amma dukansu sai da suka yi doguwar tafiya kafin a karanta su. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu, kuma wanda ba shi da fitilarsa dole ya jira ta maƙwabci.

Ba wai ba mu da waɗanda suka nuna ana iyawa ba ne. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya ci babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009 saboda bincikensa a kan ƙwayar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu da mutane. Farfesa Christian Happi, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ibadan, shi da abokan aikinsa a garin Ede ne suka fara karanta jerin halittar ƙwayar korona a nahiyar Afirka cikin watan Maris na 2020. Nan kusa da mu kuma, Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi nasa digirin a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar mantuwa ta tsofaffi, ya kafa cibiyar bincike da horaswa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. A Bauci ma an ci gaba, domin yanzu ana gwada jinin masu zazzaɓin Lassa a cikin gari, kuma tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa wajen jiyyarsu a asibitin koyarwa. Sai dai injin gwaji ba ya sarrafa kansa, kuma har yanzu jiharmu na cikin waɗanda cutar ta fi addaba duk rani.

Hanyar kuwa akwai ƙaya. Na taɓa kai wa ƙanena ziyara a jami'ar da yake, na same shi ya yi tagumi. Ashe wuta ce ta ɗauke kwana biyu, injin ya ƙi tashi, firjin da yake ajiye samfurin da ya yi wata 7 yana tarawa ya narke, aiki ya koma farko. Sinadaran da yake gwaji da su daga waje ake sayo su da dala, alhali kuwa tallafin asusun TETFund malaman manyan makarantun gwamnati yake samu, wanda bai da kujerar koyarwa sai ya nemi wata hanya. Da rana yana koyarwa a wata makarantar sakandare, da dare yana ɗakin gwaji. Abokansa biyu sun sami gurbi a Turai sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Ran nan ne na tambaye shi ko shi ma zai bi su. Ya ce, "Yaya, in na samu zan je in koyo, amma ɓeran yana nan, ba ya can." Daga ranar ban sake yi masa gorin aure ba, na ma fara cire wani abu daga albashina ina tura masa.

Saboda haka ina kira ga iyaye da yayye irina, in yaro ya ce zai bi wannan hanya, kada mu auna shi da ma'aunin wanda ya kama aiki da wuri. Ina kuma kira ga gwamnatocin jihohinmu da masu hannu da shuni, yadda ake gina asibiti a sa masa suna, haka ya kamata a ɗauki nauyin ɗalibi guda har ya gama bincikensa, a kuma tanadar wa ɗakunan gwaji wutar da ba ta yankewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masanin da za a nema ranar annoba, shekara 10 kafin nan ake fara renonsa.

Washegari da safe ƙanena ya cika alkawari, ya raka tsohuwar nan asibiti, ni ma na bi su. Likita ya duba ƙafar, ya ce ba zai rubuta kome ba sai an auna jini an ga ko ciwon sukari ne. Tsohuwa ta juyo ta ce, "Af, ashe shi ma sai ya tambaya?" Ƙanena ya ce, "Ƙwarai kuwa, Iya. Waɗanda yake tambaya, su ma akwai waɗanda suka gano musu yadda ake aunawar. To, cikinsu nake so in shiga." Ta jinjina kai ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗan nan." Na ce amin, kuma ina roƙon mai karatu ya taya mu da ita.