'Yancin Kirista a Ƙasar da Babu Mai Sa Maka Ido

 Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla tamu Musulmi ne. Ni kuwa Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, ina karatun digiri na biyu a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan. Maganar da na kawo daga cikin addinina ta fito, amma ina kyautata zaton duk wanda ya tashi a gaban iyaye sannan ya tsinci kansa shi kaɗai a Turai zai gane inda na dosa. Tambayar ita ce: idan an ce Kirista 'yantacce ne, a ina wannan 'yanci ya tsaya?

A gida ba mu cika yin wannan tambaya ba, domin an riga an amsa mana ita tun muna yara. Da yawa daga cikin ikkilisiyoyinmu sun samo asali ne daga aikin mishan ɗin SIM, wanda aka soma a 1893, wanda kuma ya haifi ECWA a 1954. Tarbiyyar da muka gada a fili take: Kirista ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya zuwa gona ran Lahadi. Wanda aka kama da burukutu, dattawa su sa shi a horo, ya daina cin jibin Ubangiji har sai ya tuba. Ba a banza aka kafa wannan doka ba. Kakana Bamaguje ne, kuma mahaifina yakan ba mu labarin yadda dawar da ya kamata ta kai iyali har kaka take ƙarewa a tukunyar giya tun kafin ruwan fari ya sauka. Da tsohon ya karɓi bangaskiya ya bar sha, a shekarar ne rumbu ya fara kai su damina. Wanda ya ga haka da idonsa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Sai ga mu a Birtaniya. A majami'ar da nake zuwa, bayan nazarin Littafi Mai Tsarki na daren Laraba, jama'a sukan zarce mashayar da ke kusa, dattijon da ya jagoranci nazarin ya karɓi kofi ɗaya na giya, a ci gaba da hira a kan nassin da aka karanta. Mutanen nan kuwa su ne masu ziyartar marasa lafiya, masu dafa wa marasa galihu abinci. Na lura 'yan'uwanmu da suka zo daga gida sukan rabu biyu idan suka ga wannan. Wasu su yanke hukunci cewa Turawan nan ba masu bi ba ne sam. Wasu kuma su ce ashe duk abin da aka koya mana tatsuniya ce, sai su zama kamar akuyar ɗaure ta samu sake, kafin shekara ta zagayo ba sujada, ba karatu, sai bashi. Dukkan ɓangarorin biyu ido suka bi: na farko idon mutanen gida, na biyu idon mutanen nan.

Wannan gardama ba a kanmu ta soma ba. A birnin Koranti na ƙasar Girka, a zamanin Manzo Bulus, naman da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa ragowar hadayar gumaka ne. Masu bi suka rabu. Wasu suka ce gunki ba komai ba ne, nama nama ne. Wasu kuma, waɗanda jiya-jiya suka bar bautar gumakan, suna jin cewa cin naman komawa baya ne. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 8 zuwa ta 10, Bulus ya yarda cewa masu ci suna da gaskiya ta fuskar sani, har ya ce su sayi abin da ke kasuwa ba tare da bin diddigi ba. Amma ya juyo ya nuna musu cewa idan cin nasu zai ja mai raunin lamiri ya aikata abin da zuciyarsa ba ta amince da shi ba, to sun yi wa Almasihu laifi, kuma shi kansa ya gwammace ya haƙura da nama ɗungurungum. A Romawa sura ta 14 ya ja kunnen ɓangarori biyun: mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci.

Akwai abu guda a rayuwar Bulus da ya fi komai warware mini wannan ƙulli. Ya sa an yi wa Timoti kaciya, domin Yahudawan yankin da za su yi wa wa'azi sun san ubansa Bahelene ne. Amma da wasu suka nace sai an yi wa Titus kaciya kafin a ɗauke shi cikakken mai bi, Bulus ya ƙi ko kusa. Aiki iri ɗaya, amsa biyu. Inda haƙuri zai buɗe wa wani ƙofa, ya haƙura. Inda aka mai da al'ada sharaɗin samun ceto, ya tsaya kai da fata. Martin Luther ya bi wannan sawu a ɗan littafin da ya rubuta a 1520 a kan 'yancin Kirista, inda ya nuna cewa wanda ya san ba aikinsa ne ya saya masa karɓuwa a wurin Allah ba, shi ne hannunsa ya saku ya yi wa maƙwabci hidima da son rai.

Bari in faɗi yadda wannan ya sauka a rayuwata ta yau da kullum.

Na farko, maganar sha. Littafi Mai Tsarki ya hana buguwa, babu ja a kai. Bai ce kofi ɗaya na ruwan inabi yana fitar da mutum daga bangaskiya ba, don haka ba ni da bakin cewa dattijon nan ba mai bi ba ne. Duk da haka ni ba na sha. Akwai wani ƙanenmu da ya zo karatun digiri na farko, wanda giya ta kashe mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha biyu. Tare muke zuwa sujada, yana kirana Yaya. Wata rana a hanya ya ce, "Yaya, in babu laifi, me zai hana ni ma in gwada?" Na ce masa, "Ƙanena, in zuciyarka tana ɗar-ɗar da abu, kada ka yi shi don ka ga wani yana yi." Da ya taɓa ganin kofi a hannuna, da wannan amsa ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero.

Na biyu, ɗakin girki. Mu huɗu ne a gidan haya, biyu Musulmi, ɗaya daga Kano ɗaya daga Damagaram. Firji ɗaya, tukwane ɗaya. Addinina bai haramta mini naman alade ba, kuma kuɗin haya daidai muke biya. Amma ban taɓa shigowa da shi gidan ba, nama kuma daga shagon halal nake saye, domin ranar da na tuƙa tuwo mu zauna mu ci tare ba tare da wani ya tsaya tambaya ba. Babu wanda ya gindaya mini wannan sharaɗi. Da tilasta mini aka yi, da ya zama nauyi. Da yake ni na zaɓa, ban taɓa jin an rage ni da komai ba.

Na uku, ranar Lahadi. Bizar karatu ta yarda mana aikin awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma aikin ƙarshen mako ya fi sauƙin samuwa. A nan labarin Eric Liddell yake taimaka mini, wanda ɗalibi ne a Jami'ar Edinbara. A gasar Olamfik ta Paris a 1924 ya janye daga tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, saboda zagayen farko ya faɗo ran Lahadi. Ya shiga na mita 400 ya ci zinare. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan ya koma Sin aikin mishan, sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien a 1943. A can, da ya ga matasan sansanin suna dambacewa a wasan ran Lahadi saboda babu mai raba su, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. A sansanin ya rasu a 1945. Ya ƙi karya Lahadi don lambar yabo ta kansa, amma ya ba da ita don yaran wasu. Ni na roƙi a bar mini safiyar Lahadi, kuma hakan yana rage mini abin da nake samu a wata. Wata 'yar'uwa kuwa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, takan kwana a bakin aiki har safiyar Lahadi. Ban ga laifinta ba, tunda Yesu ma ya warkar da marasa lafiya ran Asabar.

Sai dai a kula, duk wannan magana a kan abubuwan da nassi ya bar wa lamiri ne. Akwai waɗanda ba su taɓa shiga da'irar 'yanci ba. Fasikanci fasikanci ne, ko da dokar ƙasa ba ta hana ba. Kwafe aikin wani ka sa a kundin bincikenka sata ce. Wuce awa 20 ka ɓoye ƙarya ce. Barin matarka a gida ka zauna da wata a nan cin amana ne. Bulus ɗin da ya kare 'yancin Galatiyawa da zafi, shi ne a sura ta 5 ya gargaɗe su kada su mai da shi hujjar bin son zuciya.

'Yan'uwa, a gida kunya tana tsare mu, kuma kunya abu ne mai kyau. Amma kunya tana buƙatar ido, a nan kuwa za ka yi wata guda ba ka haɗu da wanda ya san sunan mahaifinka ba. Abin da ya rage wa mai bi shi ne ya tambayi kansa: wannan abu zai gina ni ko zai mallake ni, kuma wa zai yi tuntuɓe a kaina in na yi shi? Sau da yawa amsar tana da fuska da suna, tana kwana a ɗakin da ke kusa da naka. Allah ya ba mu hikimar zama da juna, ya sa mu koma gida da shaidar karatu a hannu da halin da iyayenmu za su gane.